Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Tafin Hannu: Tarihin Littattafan Soyayya da Abin da Ke Sa Su Daɗi

Yawancin sababbin littattafan soyayya na Hausa da ake rububin karantawa a yau ba su taɓa shiga injin ɗab'i ba. Marubuciya tana zaune a ɗakinta a Kano ko Gusau ko Damaturu, ta rubuta shafi a wayarta, ta tura shi zauren WhatsApp bayan sallar isha'i. Kafin gari ya waye mata da yawa sun karanta, wasu sun ja wa tauraron labarin Allah ya isa, wasu sun roƙi arziki kada a bari ya auri ƙawar matarsa. Gobe war haka wani shafin zai zo. Haka za a yi ta tafiya har wata biyu ko uku kafin a ga ƙarshe.

Wanda ya san harkar tun lokacin da ɗalibai ke ɓoye ɗan littafi a tsakiyar littafin lissafi malami na koyarwa zai ce komai ya sauya. Kamanni kam sun sauya. Amma abin da ya hana mai karatu barci a 1991 shi ne yake hana 'yarta barci yau: labarin daga irin gidan da take ciki ya fito, da irin bakin da take magana aka ba da shi, kuma mai ba da shi ba ta yi mata nisa ba. Idan aka bi tarihin waɗannan littattafai daki-daki, za a ga tazarar da ke tsakanin marubuci da mai karatu ce take ta raguwa, kuma duk raguwar da ta yi sai ta ƙara wa karatun wani ɗanɗano, ta kuma zo da tata matsalar.

Zamanin da hukuma ke riƙe da injin

Ƙagaggen labari cikin rubutun boko da gasa ya fara. A 1933 Rupert East, Baturen da ke kula da Hukumar Talifi a Zariya, ya nemi malamai su rubuta labarai na ƙirƙira don a samu abin karantawa a makarantu. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Yawon duniya ne da yaƙi da bauta da dabarun ɓarayi. Wanda ya taɓo zancen zuciya kai tsaye a cikin littattafan wancan zubi shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Abubakar yana son Zainab, Zainab tana son Abubakar, sai wani attajiri marar haihuwa ya shigo da dukiyarsa ya ɗauke ta. Ragowar labarin ramuwar gayya ce, wadda ta faɗa kan ɗan da aka haifa. Saurayi talaka, mai kuɗi mai ƙwace, iyaye masu kallon abin hannu: waɗannan mutum uku tun a lokacin suka shiga adabin Hausa, har yau kuma ba su fita ba.

Sai dai daga nan aka yi kusan shekara hamsin soyayya ba ta samu filin kanta a takarda ba. Dalili kuwa a fili yake. Injin buga littafi yana hannun hukuma ko kamfanin da ke aiki da ita: Kamfanin Gaskiya daga 1945, hukumar NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC na Zariya daga 1966. Kasuwarsu makarantu ce, mai karatun da suke hange kuwa ɗan aji ne da zai zauna jarrabawa. Mata, waɗanda su ne ma'abota tatsuniya da waƙar gaɗa da waƙar niƙa, inda zancen so da kishi da auren dole ya daɗe yana gudana, kaɗan ne daga cikinsu suka iya karatun boko, balle a kai ga rubuta littafi.

Ƙofar ta fara buɗewa da gasar da NNPC ya shirya a ƙarshen shekarun 1970. A 1980 aka buga littattafan da suka yi nasara: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Na ƙarshen nan shi ne ƙagaggen labari na farko da wata mace ta wallafa da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta kafe sai ta auri Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarsu ba ne, duk da ƙin da danginta suka yi. A karon farko 'yan mata suka ga yarinya irinsu a takarda tana buɗa baki tana faɗin wanda take so.

Yadda Kano ta karɓe alƙalami

Abubuwa huɗu suka haɗu a tsakanin 1976 da 1990 suka haifar da abin da ya biyo baya. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya cika azuzuwa da yaran da iyayensu ba su taɓa riƙe fensir ba. Bayan shekara goma waɗannan yara sun zama samari da 'yan mata masu iya karanta Hausa sarai, ko da Turancinsu bai nuna ba. Na biyu, Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, ta koya wa matan aure da 'yan kasuwa da masu sana'a karatu da rubutu. Na uku, finafinan Indiya da aka daɗe ana nunawa a silimu irin su Plaza da Orion da Marhaba, daga baya talabijin ta shigar da su har ɗakunan matan kulle. Waɗanda suka je sakandare kuwa sun sha Mills & Boon da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda ɗan Kano Mohammed Sule yana cikin marubutansa na farko. Na huɗu shi ne tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan manhaja kaɗai, marubucin da ya kai musu labari sai ya yi shekaru yana jiran amsa.

Da masu karatu suka yi yawa, kamfanoni kuma suka rufe ƙofa, sai matasa suka nufi ƙananan maɗaba'u na cikin gari da kuɗinsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na sahun gaba a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Yusuf Adamu ya zo da Idan So Cuta Ne. Marubuta suka kafa ƙungiyoyi don taimakon juna wajen bugu da rarrabawa, mafi shahara a ciki ita ce Raina Kama, wadda ta haɗa Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Balaraba Ramat da wasu. Akwai kuma ƙungiyar Kukan Kurciya.

In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, shi ya nuna wa kowa girman kasuwar. Sumayya 'yar masu hali ce, ta ga Muhammad talaka ta ce shi take so, iyaye suka ce sai attajiri Abdulƙadir, ita kuwa ta gwammace ta faɗa rijiya. An yi ta sake buga littafin, ya tsallaka har Maraɗi da Damagaram, an kuma yi ta cacar baki a kansa, wasu na cewa yana koya wa 'yan mata bijire wa iyaye, wasu na cewa ya faɗa wa iyaye gaskiyar da ba mai iya faɗa musu ido da ido.

Su kansu littattafan ba su da wani kwarjini a ido. Takarda ce mai araha, an ɗinke ta da waya biyu a tsakiya, bango mai launi da hoton zane ko na wata kyakkyawa. Ana raba labari gida biyu ko uku ko huɗu don kuɗin bugu ya yi sauƙi, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Diloli a Kasuwar Kurmi da Sabon Gari su ke saye da yawa su rarraba wa garuruwa. A unguwanni kuma aka samu masu ba da haya, yarinya ta kai 'yan kuɗi kaɗan ta karɓo wa yayarta ko matar yayanta, a karanta a dawo da shi a karɓi na gaba. Kwafi ɗaya yakan zagaye gida goma kafin bangonsa ya rabu da shi. Wadda ba ta iya karatu ba ta sa a karanta mata, gidajen rediyo ma suka shiga karanta littattafan a iska. Marubuta suna sa adireshinsu a ciki, wasiƙu su yi ta zuwa, wasu na yabo, wasu na neman shawara kan matsalar aurensu. Wannan ne karo na farko da mai karatun Hausa ya ji cewa marubuci mutum ne da za a iya samu a shagonsa a gaisa.

Ina daɗin yake?

Wanda bai saba karanta su ba yakan ɗauka kalaman soyayya ne ke jan mutane. Kalaman suna nan, amma ba su ne ke riƙe mai karatu har littafi na uku ba. A labarin soyayya na Hausa so yakan kama tun da wuri. Abin da ake bi a gani shi ne wa zai hana, kuma da wane ƙarfi. Uba ne da ya riga ya yi wa amininsa alkawari. Uwa ce da ta ce ɗanta ba zai auri 'yar talakawa ba, ko 'yar mahauta, ko bazawara. Kishiya ce, ko uwar miji, ko dangin miji da suka sa ido kan haihuwa. Mai karatu ta san kowanne daga cikinsu, wataƙila da suna. Ba kamar littattafan soyayya na Turawa ba, inda aure yakan zama ƙarshen labari, a nan sau da yawa ɗaurin aure a tsakiya yake faɗowa, domin kowa ya san bayan an watse daga biki ne ainihin zama yake farawa.

Shi ya sa littattafan da suka fi daɗewa a zukatan mutane ba su tsaya kan saurayi da budurwa ba. A Alhaki Kuykuyo Ne, Rabi ce ke riƙe da labarin, matar da Alhaji Abdu ya kora da 'ya'ya tara saboda sabuwar amarya, ta koma sayar da abinci don ta ciyar da su. A Wa Zai Auri Jahila?, an cire Abu daga makaranta, wanda take so ya guje ta don ba ta da ilimi, aka aurar da ita ga tsoho, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita kanta Hajiya Balaraba, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta yi karatu a ajin manya. Masu karatu sun ji wannan a rubutunta: ba labarin da aka ba ta take bayarwa ba.

Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu suka fi sani da Anti Bilki, ta bi wata hanyar daban. A Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni, taurarinta mata ne masu ilimin boko da na addini, masu tsafta da iya girki da iya magana, waɗanda ke cin nasara a gidan miji da haƙuri da kissa, ba da faɗa ba. 'Yan mata da yawa a littattafanta suka fara jin yadda ake tarbar miji, yadda ake zama da abokiyar zama, da cewa digiri ba ya hana aure albarka. Balaraba tana cewa a gyara gidan, Bilkisu tana nuna yadda za a zauna a cikinsa a ci riba. Mai karatu ɗaya takan so su duka biyun, domin tana buƙatar duka biyun.

Sai kuma daɗin ganin abin da aka sani an faɗe shi daidai. Marubuciyar da ta ƙware ba ta cewa an yi biki kawai. Za ta buɗe akwatunan lefe ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi wace gwaggo ce ta taɓe baki, ta kai ka kamu da wunin biki da buɗar kai, ta sa ka ji ƙamshin turaren wuta a ɗakin amarya. Za ta kawo habaicin da facaloli ke yi a tsakar gida, da yadda uwargida ke amsa gaisuwar amarya da kalma ɗaya wadda ta fi zagi ciwo. Soyayya a waɗannan littattafai kamar gishiri take a miya: idan babu ita ba a sha, amma ba ita ake tauna ba. Abin taunawar shi ne zaman gidan Bahaushe, da kuɗi, da iko, da wanda ke da ta cewa.

Akwai daɗin mafarki ma, kuma ba abin kunya ba ne. Yarinyar da ke talla ta zama matar gidan sama, marainiyar da matar uba ta wahalar ta tafi Umara da mijinta. Mai karatun da ta wuni tana fama da icce da ruwa ta san ba haka duniya take ba, amma ta sa'a ɗaya an ba ta duniyar da haƙuri ke biya. Haɗe da wannan akwai daɗin sakayya. Mai karatun Hausa ba ta cika yafe wa marubucin da ya bar azzalumi ya tafi salin-alin ba. Dole shagon Alhaji ya ƙone, dole asirin boka ya tonu, dole wanda ya wulaƙanta ya dawo yana neman gafara. A rayuwa ba kullum ake ganin haka ba. A littafi kuwa haƙƙi ne da ake bin marubuci.

Na ƙarshe shi ne daɗin jira. Tsadar takarda ce ta tilasta raba labari kashi-kashi, amma marubuta suka mayar da tilas gwaninta. Suka koyi yanke labari daidai inda numfashi ke tsayawa: an buɗe ƙofa, ba a faɗi wanda ya shigo ba. Makonnin da ake yi kafin na biyu ya fito ba a banza suke tafiya ba, a cikinsu ake musu a makarantu da gidajen suna kan abin da zai faru.

Muhawara da wuta

Ba kowa ya yi maraba da wannan ambaliya ba. Malamin jami'a Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan da aka yi yayi a kasuwar Onica, waɗanda suka yi tashe suka mutu. A ganinsa ba su da zurfi, sun cika kwaikwayon Indiya, ba a tace su, kuma ba za su yi ƙarko ba. Abdalla Uba Adamu ya tsaya a ɗaya ɓangaren, yana cewa waɗannan matasa sun sa jama'a karatu da harshensu fiye da yadda kowace hukuma ta taɓa yi, kuma madubi ne na sauyin da al'umma ke ciki. Yusuf Adamu ya ce sunan da ya dace shi ne adabin Hausa na zamani. A ƙarshen shekarun 1990 an kwashe lokaci ana wannan fafatawa a shafin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako, wanda Ibrahim Sheme ke kula da shi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa: kurakuran rubutu da maimaita jigo ba ƙarya ba ne, yawan masu karatu ma ba ƙarya ba ne.

Daga baya zancen ya bar shafin jarida ya koma hannun hukuma. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona tarin littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai a wata makarantar 'yan mata, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. A 2008 hukumar tacewa, a zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista su kuma riƙa kai rubutunsu a duba, abin da ya jawo takun-saƙa mai tsawo da ƙungiyoyin marubuta.

A daidai lokacin da ake wannan a gida, a waje kuma ana tattara littattafan ana nazarinsu. Graham Furniss ya tara ɗimbinsu a makarantar SOAS da ke Landan. Brian Larkin ya yi rubutu kan alaƙarsu da finafinan Indiya, Novian Whitsitt ya nazarci Balaraba da Bilkisu. A 2012 wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Littafin da aka ce kwaikwayon Indiya ne irinsa, sai ga shi Indiyawa sun buga shi don su ga yadda ake zaman aure a Kano.

Fim ya ja, waya ta karɓa

Masana'antar finafinan Hausa ta bidiyo, wadda ta fara da Turmin Danya a 1990, daga jikin marubuta ta samu jini. An mayar da In Da So Da Ƙauna da Ki Yarda Da Ni da Alhaki Kuykuyo Ne finafinai. Maza da yawa daga cikin marubutan farko suka koma harkar fim, fagen littafi ya zama kusan na mata. Ko da tashar Arewa24 ta zo da wasan kwaikwayon Daɗin Kowa, marubutan littafi irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih suna cikin waɗanda suka riƙe alƙalaminsa.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, marubuta suka maye gurbin adireshi da lambar waya. Bayan shekara goma sai ga wayoyi masu intanet a hannun matan aure da ɗalibai, takarda kuma tana ƙara tsada. Aka fara da kwafe tsofaffin littattafai ana zubawa a Facebook ba da izinin masu su ba, abin da ya karya kasuwar bugu. Daga nan sababbin marubuta, waɗanda ba su taɓa taka maɗaba'a ba, suka fara rubutu kai tsaye a WhatsApp da Wattpad. Ba dila, ba mai tacewa, ba jarin bugu. Da farko kyauta ake yi don neman suna. Sannu a hankali tsarin kuɗi ya zauna: a saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mutum sai ya tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa shi a zauren waɗanda suka biya. Wasu marubutan suka haɗa kai suna sayar da littattafansu a dunƙule, kamar tawagar Zafafa Biyar. Manhajoji irin su OkadaBooks da ArewaBooks suka buɗe wata kasuwar, masu karanta littafi da murya kuma suka cika YouTube, har mai tuƙi da mai ɗinki suka shiga sahun masu bin labari. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, ta fito da wasu daga cikin waɗannan marubuta fili, ta nuna cewa a cikinsu akwai masu alƙalami na gaske.

Sababbin littattafan sun gaji tsofaffin, sun kuma ƙara nasu. Tauraron yayi shi ne miskili, mai kuɗi ko soja ko likita ko ɗan sarauta, wanda ba ya dariya, ba ya son yawan magana, har sai wata yarinya da bai ɗauka a bakin komai ba ta sauke masa girman kai. Auren dole na da ya rikiɗe ya zama auren haɗi ko auren yarjejeniya, inda ake fara zama da ƙiyayya a ƙare da so, mai karatu tana ƙirga alamun saukowar kowannensu. Tauraruwa kuwa yanzu takan zama lauya ko 'yar jarida ko mai kasuwancin kanta, labari ya tashi daga Abuja ya sauka Dubai ko Istanbul. Waɗanda suka fi ƙarfin hali suna shiga inda na da suka yi wa kara: fyaɗe da yadda dangi ke rufe shi, shaye-shaye a tsakanin matan aure, ciwon damuwa, cutar sikila da gwajin jini kafin aure, rayuwar zawarci, gudun hijira da garkuwa da mutane. Da yake babu kuɗin takarda, marubuciya tana da filin da za ta bi hali ta tona shi a hankali, har mai karatu ta fahimci abin da ya sa muguwar uwar miji ta zama muguwa.

Kusancin da ya kai matuƙa shi ne babban daɗin wannan zamani, shi ne kuma babbar cutarsa. Mai karatu tana magana da marubuciya a daren da aka yi rubutun, tana karatu tare da ɗaruruwan 'yan'uwanta, a rabu gida biyu, masu goyon bayan uwargida da masu goyon bayan amarya. Amma marubuciyar da ke sauraron kowa takan saki linzamin labarinta, ta ja abin da ya kamata ya ƙare a shafi arba'in har ya kai ɗari don kada zaure ya watse. Rashin mai dubawa ya sa ƙa'idojin rubutu sun sha wuya, ana haɗe kalmomin da ke rabe, ana zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, Ingausa ta yi yawa har a bakin kakar da ke ƙauye. Wasu kuma sun gano cewa batsa tana saurin kawo kuɗi, suka mayar da ita jari, abin da marubuta da yawa ke kuka da shi domin yana shafa musu baƙin jini gaba ɗaya. Satar fasaha ma ba ta tafi ko'ina ba: littafin da aka saya da safe, kafin la'asar an watsa shi kyauta.

Duk da haka masu karatu ba makafi ba ne. Littafin da ake ambato bayan shekara biyar ba shi ne wanda ya fi yawan motoci ko ya fi tsiraici ba. Shi ne wanda aka yarda da mutanen cikinsa, wanda maganar kowa ta yi kama da shi, wanda matsalarsa ta isa matsala, ƙarshensa kuma bai zo da rana tsaka ba. Ma'aunin da aka auna Balaraba da Ado da Bilkisu da shi ke nan, kuma da shi ake auna 'yan yau ko da ba a faɗa ba.

Abin da ya kamata ya dami masu kishin adabi yanzu shi ne adanawa. Littattafan shekarun 1990, duk da raunin takardarsu, suna nan a ɗakunan karatu da akwatunan masu tarawa, ɗalibi zai iya zuwa ya ɗauka ya duba shekara da sunan maɗaba'a. Na yau kuwa suna zaune ne a zaurukan da ake rufewa da wayoyin da ke lalacewa, da yawa ba shekara, ba cikakken sunan mai su. OkadaBooks ya rufe a ƙarshen 2023, kuma babu tabbacin wata manhaja za ta dawwama. Sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, tare da ƙungiyoyin marubuta, suna da aikin da ba zai jira ba: su nemi izinin marubutan, su tattara waɗannan littattafai, su rubuta wa ya yi su da yaushe. In ba haka ba, mai son sanin yadda matan Arewa suka yi tunanin so da aure a wannan zamani zai zo nan da shekara talatin ya tarar da sunaye kawai.